Katin Baba a Aljihun Manseok

Duk wanda na ba labarin ƙanena Manseok, abin da yake fara tambayata shi ne ko talauci ne ya sa shi. Ba talauci ba ne. Lokacin da abin ya faru, mataimakin manaja ne a wani babban reshen banki a Yeouido, unguwar bankuna ta birnin Seoul, shi ke kula da kuɗin fanshon mutane. Yana da gidansa na kansa a nan garinmu Bucheon, yana da baƙar mota da ba ya fito da ita sai ƙarshen mako. Rowa ma ba halinsa ba ce. Babban firjin da nake ajiye kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, a shagona shi ya saya mini, ban roƙe shi ba. Da aka kwantar da Babanmu a asibiti shi ya biya komai, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Ciwonsa ƙaramin kuɗi ne. In babban abu ne, zai zaro kati ya miƙa yana murmushi. Amma a ce ya biya kuɗin leda a kanti, ko kuɗin ajiye mota, ko ɗan abin da ake ƙarawa idan an kawo wa mutum abinci gida, sai ka ga fuskarsa ta canja kamar an zagi iyayensa. Gani yake duk wanda ya biya irin wannan kuɗi an yi masa wayo ne, shi kuwa ba a haifi mai yi masa wayo ba.

Tun muna yara haka yake. Babanmu aski yake yi a wani ɗan shago kusa da gidan wanka na unguwa inda ake biya a shiga, mu kuma duk Lahadi can ake tura mu. Manseok ya yi ta rage tsawo a gaban mai karɓar kuɗi, yana lanƙwasa gwiwa don a karɓi kuɗin ƙananan yara, har muryarsa ta fara buɗewa bai daina ba. Innarmu, kafin ta rasu, dariya abin yake ba ta. Takan shafa kansa ta ce, "Wannan ba zai kwana da yunwa ba." Ni idan na ce abin kunya ne, sai a ce baƙin ciki nake yi don ya fi ni kai. Ya fi ni kai kuwa, ban musa ba. Shi ne na farko a danginmu da ya shiga jami'a, ni kuma tun ina budurwa nake tsaye a kasuwa ina sayar da kimchi da soyayyen kifi da sauran mahaɗin cin shinkafa.

Wani hunturu Baba ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar gida, ya karye a ƙugu. Bayan an sallame shi daga asibiti na dawo da shi wurina, a ɗakin da ke saman shago. Manseok ne ya je ya kwaso masa kayansa daga tsohon gida. A cikin kayan akwai katin jirgin ƙasa na tsofaffi, wanda Baba yake shiga jirgi da shi kyauta tun da shekarunsa suka kai. Akwai kuma wata tsohuwar hula mai ruwan toka da yake sawa idan za su hau dutse da abokansa. Ban lura cewa katin da hular ba su iso gidana ba. Wa zai tuna da katin jirgi alhali mai shi ko bayan gida sai an riƙe shi?

Sauran abin da zan faɗa yanzu daga baya na san shi, wani daga bakin matarsa Hyeran, wani kuma na gani da idona.

Tun a makon farko Manseok ya fara shiga jirgi da katin Baba, safe da yamma, daga tasharmu zuwa wurin aiki. Da fari ba wata wahala, ya ɗora kati, ƙofa ta buɗe, ya wuce cikin cunkoso. Sai hukumar jirgin ta gaji da irinsu, ta sa wa ƙofofin tasharmu murya. Duk wanda ya ɗora katin tsofaffi, sai ƙofar ta gaishe shi da ƙarfi: "Sannu dattijo, a ƙara lafiya." Mai hankali a nan zai mayar da kati inda ya ɗauko shi. Manseok sai ya koyi yin tari daidai lokacin da ƙofar ke magana. Da ya ga tarin bai isa ba, ya fara sa takunkumin fuska da hular Baba, ya ɗora wata tsohuwar rigar sanyi a kan kwat ɗinsa. Idan ya isa can, sai ya shiga ban ɗakin tasha ya cire su ya cusa a jaka, ya gyara wuyan riga, ya fito a mataimakin manaja.

Hyeran ta taɓa ganin hular a jakarsa. Ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Jiyun, wannan fa ta mece ce?"

Ya ce, "Rana ce take damuna a ka."

"A cikin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa?"

Ya ce ta cika bincike, ta bar zancen.

Haka aka yi kusan shekara biyu. A cikinsu Baba ya yi ta fama, daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa sanda. Mutum ne mai taurin rai. Kullum da safe yakan sauko bene a hankali, ya je ƙarshen layin kasuwa ya dawo, yana jan ƙafar hagu. Abin da ya sa a ransa shi ne ya koma tafiyar da suke yi da abokansa. Su tsofaffin unguwa sukan hau jirgi har Onyang, su yi wanka a ruwan zafin can, su ci miyar ƙashi, su sha giyar shinkafa kaɗan, su dawo kafin magariba. Jagoransu wani Tsoho Bang ne, abokin Baba tun suna samari, wanda yake zuwa shagona ya zauna yana yi masa tsiya.

"Wanzami, har yanzu ba ka gama lalaci ba? Ruwan Onyang yana tambayarka."

Da bazara ta shigo, likita ya ce Baba zai iya tafiya. Ya sa na zazzage masa kaya ana neman kati, ba a gani ba. Ranar Lahadi da Manseok ya zo cin abinci, Baba ya tambaye shi.

"Manseok, da ka kwaso kayana, ba ka ga katin jirgina ba?"

Ina kallonsa. Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ɗebi kifi ya sa a kan shinkafarsa, ya ce, "Kati? Ban gani ba, Baba. Wataƙila a asibiti ya faɗi. Ka bari zan duba maka."

Kullum nakan dawo kan wannan wuri. Katin yana aljihunsa a lokacin. Ba abin da zai hana ya ce bari ya duba mota, ya fita ya dawo da shi, a yi murna a wuce wurin. Amma a lissafinsa saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, kuma ya ga asara ce ya sayi katin wata kafin sabon wata ya kama. Shi da bakinsa ya faɗa mini haka daga baya, yana faɗa kamar hujja ce.

Ni ban san komai ba. Da na ga kwanaki sun wuce ba labari, na rufe shago da hantsi, na kama hannun Baba muka je ofishin unguwa, muka ce kati ya ɓata. Aka soke tsohon, aka ce mu dawo mu karɓi sabo.

Washegari da safe ina yanka kabeji wayata ta yi ƙara. Manseok ne, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, me kika yi?"

"Me na yi kamar yaya?"

"Katin Baba. Ke kika je kika sa aka soke shi?"

"Eh. Ba ya ɓata ba?"

Ina jin hayaniyar tasha a bayansa. Can ya ce, "Ai da kin kira ni kafin ki je."

Abin da ya faru shi ne, ya ɗora kati, ƙofa ta ƙi buɗewa, ta hau ƙara. Ya sake ɗorawa, ta sake ƙara. Mutane sun yi layi a bayansa. Wata ma'aikaciyar tasha ta taho da sauri don ta taimaki tsoho, har tana riƙe masa gwiwar hannu tana cewa, "Kaka, kawo in duba maka." Da ta duba, ta ga katin an ba da rahoton ɓatansa. Ta ce ya nuna katin shaida, ya ɗan sauke takunkumi. Da ya sauke, sai ga mutum ɗan arba'in da wani abu, fuska sumul, da turaren aski.

Nan ma da ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, da abin ya tsaya a tara. Amma da aka kai shi ofishin tasha sai ya hau faɗa. Ya ce an ci mutuncinsa a gaban jama'a. Ya zaro ɗan katinsa na aiki mai ɗauke da sunan banki da muƙaminsa, ya ajiye wa shugaban tasha a kan tebur, ya ce, "Ku dubi wanda kuke magana da shi." Suka duba kuwa, suka adana.

Bayan 'yan kwanaki aka kira Baba, tun da katin da sunansa yake. Na raka shi. Shugaban tashar mutum ne mai ladabi, ya ba Baba kujera, ya kawo masa shayin sha'ir, ya ce dole ne ya nuna mana abin da kyamarori suka ɗauka don Baba ya tabbatar ba shi ne a ciki ba. Ya juyo mana da allon.

Ga Manseok yana saukowa daga bene da hular Baba. Da ya kusa ƙofa sai ya rage sauri, ya ranƙwafa, ya fara jan ƙafar hagu. Yana wuce ƙofar da 'yan taku sai ya miƙe ya ci gaba da sauri. Aka nuna wata rana, haka. Wata ranar, haka. Da rigar sanyi, da rigar ruwa, da laima a hannu a matsayin sanda.

Baba ya daɗe yana kallo. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ni haka nake tafiya?"

Da a ce Manseok yana ɗakin, da na kwaɗa masa butar shayin nan.

Shugaban tasha ya ce, "Baba, tambaya ɗaya ce. Da saninka ya ɗauki katin, ko ba da saninka ba? In ba da saninka ba ne, ba ruwanka, za ka karɓi sabon katinka. In kai ka ba shi, za a hana ka kati shekara guda."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗora hannu a gwiwata.

"Ni na ba shi," in ji shi. "Na manta ne na ce ya ɓata. Tsufa."

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya rubuta abin da aka faɗa masa. A hanyar gida na yi ta faɗa. Na ce, "Baba, ƙarya ka yi don mutumin da ya yi maka ƙarya kana ba shi abinci." Ya ce in ya ce ba da saninsa ba, sunan abin sata, kuma shi ba zai je gaban hukuma ya kira ɗansa ɓarawo ba.

Aka lissafa duk shigar da Manseok ya yi da katin, aka ninka kamar yadda doka ta ce, tara ta zama miliyoyin won, kuɗin ƙasarmu. Kuɗi ne mai yawa a wurina. A wurinsa bai kai abin da ya kashe a hutun da suka je Jeju ba. Hyeran ta ce ya biya a rufe maganar. Ni ma na ce ya biya. Ya zo shago da yamma, ya tsaya tsakanin robobin kimchi da kwat ɗinsa, yana yi mini bayani kamar ni ce alƙali.

"Yaya, ki saurara. Baba ya yi shekara da shekaru yana biyan haraji. Gwamnati ta ba shi damar shiga jirgi kyauta. Yana kwance bai yi amfani da ita ba. Kujerar da zai zauna ni na zauna. Wa ya yi asara?"

"Kai dai je ka biya."

"Ba maganar kuɗi ba ce, maganar ƙa'ida ce. Ninkin nan zalunci ne. Kuma ta ina suka tabbatar ni ne a kowace rana? Fuskar a rufe take."

"Manseok, na ga hoton. Ko a cikin buhu aka sa ka na san tafiyarka. Har wadda ka aro ma na san mai ita."

Ya kau da kai. Na ɗauka ya ji kunya. Ashe tunanin lauya yake yi. Ya ɗauki lauya, wanda kuɗinsa kaɗai ya kusa rabin tarar, suka yi ta jan magana. Hukumar jirgi ta gaji ta miƙa wa 'yan sanda. 'Yan sanda suka kira wayarsa, ya ƙi ɗauka, wai lauya ya ce kada ya yi gaggawa. Da suka rasa shi, sai suka kira lambar da ke jikin katin aikin da ya ajiye wa shugaban tasha da hannunsa. Yarinyar da ke amsa waya a reshen ta ɗauka. Kafin azahar ba wanda bai ji ba.

Manajansa ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Sun yi shekaru tare, yana son shi, kuma na tabbata hanyar rufa masa asiri yake nema. Ya kira shi da sunan danginmu, ya ce, "Pyo, faɗa mini gaskiya, mene ne wannan?"

Manseok ya ce kuskure ne na rana ɗaya. Wai katinsa da na Baba sun haɗu a walat, ya ɗora wanda ba shi ba.

Manajan ya yarda, ya rubuta wa hedikwata haka, ya sa hannu. Da takardun 'yan sanda suka iso, aka ga ba rana ɗaya ba ce. Aka dakatar da Manseok, aka turo masu bincike suka bi duk aikin da ya taɓa yi a reshen. Ba su sami ko won ɗaya da ya yi ɓatan dabo ba. Wannan ya faranta masa rai ƙwarai. Ranar da zai je gaban kwamitin ladabtarwa ya sa sabuwar kwat, ya ce wa Hyeran ta kwantar da hankalinta, gargaɗi kawai za a yi masa.

Ya faɗa musu abin da ya shirya: bai taɓa kuɗin kowa ba, bincikensu ma ya nuna, kuma abin da mutum ya yi a tasha kafin ya shigo ofis ba ruwan banki da shi. Matar da ke shugabantar zaman ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Malam Pyo, mutanen da ke kawo maka kuɗinsu tsofaffi ne sa'annin mahaifinka. Yawancinsu ba sa karanta abin da suke sa wa hannu, maganarka suke bi. Manajanka ma maganarka ya bi. Yanzu in ka ce mana wani abu, da me za mu auna shi?"

Aka ba shi zaɓi ya ajiye aiki da kansa. Ya ajiye. Kotu kuma ta ci shi tata tarar, bayan ta hukumar jirgi da ya biya daga ƙarshe, har da kuɗin shari'a. Manajan nan da ya tsaya masa aka mayar da shi wani ƙaramin reshe a bayan gari.

Ya ɗauka wani bankin zai ɗauke shi cikin mako guda. Harkar kuɗi a Seoul kuwa kowa ya san kowa. Duk inda ya je sai a karɓe shi da fara'a, a ba shi kofi, a ce za a kira shi. Wani tsohon abokin karatunsa ne ya faɗa masa gaskiya a wurin cin nama: sunan da ake kiransa da shi yanzu a Yeouido shi ne Dattijo, kuma in an ambace shi sai wani ya ce "a ƙara lafiya" a yi dariya. Watanni ya yi a gida. Hyeran ta koma koyar da yara lissafi a wata makarantar yamma, suka sayar da motar, Jiyun ta bar darasin piyano. Daga baya yayan Hyeran, mai sayar da busasshen ganyen teku a sari a Incheon, ya ba shi aikin tsara motocin da ke kai kaya. Yana yin aikin da kyau, don kai dai yana da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Baba. Na ce masa kuɗin jirgi zuwa Onyang ba wani abu ba ne, ni zan saya masa kati irin na kowa ya bi abokansa. Ya ƙi. Ya ce in ya ɗora kati ƙofa ba ta gaishe shi ba, su Bang za su tambayi ina nasa, shi kuma ba shi da amsar da zai ba su. Sai ya ce musu ƙugun ne ya tashi. Har ya koma jan ƙafa fiye da da idan ya hango su. Manseok ya ce zai yi hayar mota ya kai shi, Baba ya ce shi ba ruwan zafi ne ya dame shi ba. Cikin wannan shekarar Tsoho Bang ya kwanta ciwo, kafin sanyi ya shigo ya rasu. Ba su sake tafiyar tare ba.

Da shekarar ta cika na je na karɓo wa Baba katin. Yana bin sauran da suka rage, ba kullum ba.

Manseok yana zuwa duk Lahadi, yana kawo wa Baba 'ya'yan itace masu tsada, su zauna su kalli wasan ƙwallo ba mai ce wa wani komai a kan abin da ya wuce. Ni ce dai ba ya bari. Makon jiya ya sauko shago ina jiran motar kabeji, ya jingina da ƙofa, ya yi ajiyar zuciya.

"Yaya, ni fa har yanzu ina tunani. Da kin kira ni kafin ki kai Baba ofishin nan, da duk wannan bai faru ba."

Na dube shi. Mutum ya kusa hamsin, kuma da gaske yake.

Na ce, "Motar ta iso. Cire rigar nan ka shigo mini da buhunan."

Ya cire, ya shigo da su.